Warin Teku Ne, In Ji Aminiyata

Assalamu alaikum Malam mai shiri, barka da aiki. Hadizatu ce daga Barmu.

Aminiyata Rabi ta dawo daga Kwatano, ta saida mini busasshen jatan lande don miyar sunan jikana. Ina buɗe leda, wari kamar fitsari ya buge ni. Ta ce, "Ke Hadiza, haka teku ke wari, ba ki taɓa zuwa ba ne." Na yarda, na zuba. Baƙina sunka wuni suna zawo.

Wata 'yar Togo mai saida abinci a Tawa ta duba ragowar, ta ce mai kyau ƙaras yake karyewa, wannan ko ya yi laushi, kansa ya yi baƙi.

Sai na tuna Rabi ko loma ba ta kai ba ranar, wai azumin nafila take.

Jama'a, in ta yi mini sallama gobe, in amsa?