Wata Biyar Ina Ɗauke da Cikin da Babu Ɗa

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tsayar da ni bisa ƙafafuna yau. Ga baƙin da ba su san ni ba, ni ce Rahila, matar Malam Yohanna tela, nan Tasawa. Fasto ya ce in ba da shaida. Zan bayar, amma ba irin wadda ake yi wa guɗa ba ce, don haka mata ku riƙe tafinku tukuna.

Shekara goma sha ɗaya da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Babu sassaƙen da ban sha ba, babu azumin da ban yi ba. In na ɗauki ɗan wata a gidan suna, sai in ga uwar ta miƙo hannu da sauri. Na haɗiye wannan duka.

Bara da damina sai wata ya wuce ni. Na je likita, aka gwada fitsari, aka ce ciki ne. Wayyo Allah! A hanya kuka nake ina dariya kamar taɓaɓɓiya. Kun san mu, mace ɓoye cikinta take yi har sai ya tona kansa. Ni kuwa aka ce in fito in kunyata Shaiɗan. Ranar Lahadi na tsaya daidai inda nake tsaye yanzu, na yi shela. Kuka yi guɗa, kuka sa mini suna Saratu, matar Ibrahim.

Ciki ya yi ta girma kamar ana hura shi. Yana wata uku, kowa ya gani sai ya ce shida. Amai kuwa, ko ruwa ba ya zama. Sajfam, ungozoma mai awo, ta taɓa ni, ta ce, "Madam, girman nan ya wuce watanninsa. Ga takarda, je ki a yi miki eko, a ga hoton abin da ke ciki."

Na kawo takardar taron zumuntar mata. Mama uwar zumunta, ga ta nan zaune, ba da bayan idonta nake faɗa ba, ta riƙe hannuna ta ce, "Haba ɗiyata! Kin riga kin ba da shaida gaban jama'a, kuma ki koma kina leƙen aikin Allah da na'ura? Tagwaye ne, Ubangiji ya ninka miki." Mata suka ce amin. Na ninke takardar na tura ƙarƙashin katifa. Kada in ɗora wa Mama kayan duka, ni ma tsoro nake. Ina jin kunyar in dawo gabanku in ce akwai matsala.

Wata biyar, ko sau ɗaya ban ji motsi ba. Baƙin jini ya fara ɗiga. Na faɗa, aka ce Hasan da Husaini ne suka matse juna, in ƙara bangaskiya.

Yayata Hadiza ce, Musulma, ta zo cin kasuwa daga Urafane, ta biyo ta gaishe ni. Ta iske ni kwance a tsakar gida da rana tsaka, zani ya jiƙe jagab. Ta ce, "Ke Rahila, kashe kanki za ki yi? Wane Allah ne ya hana a duba mace?" Ba ta jira Yohanna ba, ta tari amalanke ta kai ni likita.

Aka ɗora mini na'urar a ciki. Lokotoro mai duba ni ya daɗe yana kallon hoton. Na ce, "Biyu ne ko?" Ya jawo kujera ya zauna.

Ya ce kowane mutum daga ƙwayar halitta guda ɗaya yake farawa, wadda ido ba ya gani. Sai ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, haka haka. Daga nan kowane rukuni ya kama aikinsa: waɗannan su zama ƙashi, waɗannan zuciya, waɗannan ido, wasu kuma su zama mabiyiya mai ciyar da ɗan. Ya ce, "Naki sun yi ta rabuwa, amma babu waɗanda suka kama aikin zama yaro. Na mabiyiya kaɗai suka yi ta yaɗuwa. Kin san geron da ya yi kara ya ƙi fid da kai? Madam, babu ɗa a cikin nan, kuma ba a taɓa yin sa ba."

Ƴan'uwa, wata biyar ina yi wa wa waƙa? Wa Yohanna ya ɗinka wa ƴan riguna biyu iri ɗaya?

Aka yi mini wankin ciki. Na roƙa aka nuna mini abin: ƴan ƙulle-ƙullen ruwa, kamar ƙwan kwaɗi. Jini ya ƙi tsayawa, aka wuce da ni Maraɗi. Can aka ce abin ya ci cikin naman mahaifa, ko a cire ta ko in tafi. Na tambaya, da na zo ranar da aka ba ni takarda fa? Lokotoron can ya ce, "Da wataƙila mun ceto ta." Wannan wataƙilar ita ce ke cin raina har gobe.

Kafin a shiga da ni ɗakin tiyata na yi addu'a, kuma ba mai daɗi ba ce. Na ce, "Ubangiji, fushi nake da kai. Na tsaya gaban mutane na yabe ka, ka bar ni na zama abin nuni. Ba ni da wata bangaskiya da ta rage. In kana so na, ka riƙe ni da kanka." Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Rawar da jikina ke yi dai ta tsaya, na ce wa Yohanna ya sa hannu a takardar yarda a cire mahaifar. Yana sa hannu yana kuka.

Na farka. Yesu ya riƙe ni! Jinin da na zubar, ya ci a ce tuni kun yi zaman makokina. Wata-wata ana auna jinina, an ce abin bai dawo ba. Wannan ceto ne, kuma na gode masa. Godiyar da ɗaci a bakina, amma ita gare ni, ita zan ba shi.

Ba zan haihu ba. Kada kowa ya tare ni a bakin ƙofa ya ce Allah mai iko ne, na fi ku sani. Ku dogara gare shi, i, ku dogara. Amma shi ya yi ƙwayoyin nan, shi ya ba kowace aikinta, ba ya jin tsoron a duba aikinsa.

Akwai mata uku masu ciki a ɗakin nan, na gan ku ko kun ja mayafi. Ranar awo zan zo ƙofar gidajenku, mu tafi tare. Wadda ta ce mini rashin bangaskiya ne, zan ɗaga riga in nuna mata ɗinkin.

Yabo ga sunan Yesu. Amin.