Ranar da Na Yi wa Kunkuru Labule

Ke Rabi, aje wayar nan, ba za ta gudu ba. Kun dame ni da tambayar abin da ya sa na baro Faransa alhali kowa can yake hanƙoro. To ku gyara zama, daga tushe zan faro.

Kuɗin tafiyata tumakin Inna ne, kakarku. Ta sa aka kora su kasuwar Damagaram ranar wata Alhamis, har da farar tunkiyar da take ji da ita, mai haihuwar tagwaye. Ta ƙulle kuɗin a tsumma ta danƙa mini, ba ta yi kuka ba sai da mota ta tashi. Wannan ma daga baya aka gaya mini.

Na sauka Pari, wata unguwa Obarbiliye. Wata uku na yi ina tauna sunan nan kafin ya fita daidai. Mu huɗu a ɗaki ɗaya, mai gidan kuwa wani gajere ne mai sanƙo da hancin tsiya. Ranar da na sa daddawa a miya sai ga shi ya hawo bene yana haki.

"Me ya mutu a ɗakin nan?"

"Ba abin da ya mutu, Mushe." Haka ake kiran namiji a can, Mushe, kuma amsawa suke da fara'a.

"Maƙwabta za su kira 'yan sanda."

"Su zo, akwai saura a tukunya."

Shekara bakwai na yi ba takardar zama, ina share shagunan 'yan sari. Wanda ba shi da takarda in ya fita ƙasar ya fita ke nan, don haka zuwa gida bai taso ba. Sai dai in sayi katin waya in ji muryar Inna, kafin mu gama gaisuwa katin ya ƙare.

Daga baya aka samo mini aiki a Liyon, kula da wata tsohuwa mai keken guragu. Kowa Meme yake ce mata, wato kaka. Ƙafa ta mutu amma baki na nan da ransa. 'Yarta, Madam Silbi, ita ce uwar ɗakina. Ba zan ci amanarta ba, ita ta tsaya mini na samu takarda. Sai dai takardar ta shekara-shekara ce, kuma ba a sabunta ta sai da shaidar kana aiki. Kun ga ke nan wuyana yana hannunta. Ina kwana unguwar Bo-an-Balan, in kama jirgin metro tun da sassafe, ran Lahadi in leƙa unguwar Giyotiyer sayen busasshiyar kuɓewa da jin gulmar 'yan gida.

Da takarda ta zo na ce to yanzu sai Damagaram. Ashe akwai wani abu wai shi bakans. Hutu ne da suke yi a watan takwas, sun riƙe shi kamar farilla. Mutum ya biya kuɗi ya je ya kwanta a rana har ya soye, ya dawo ya ce ya huta. Kuma in za a tafi da Meme, dole a tafi da mai tura ta. Duk shekara in na roƙi wata ɗaya sai Madam ta dafa kafaɗata ta ce, "Baɗi, Adiza." Hadiza ba ya fita a bakinsu.

A shekara ta huɗu ƙanena Sani, baban Rabi, ya kira ni ya ce Inna ta daina tashi, kuma kullum tana tambaya ko na kusa. Na gaya wa Madam. Ta yi juyayi sosai, har da hawaye, sannan ta ce an riga an sayi tikitin bakans, in mun dawo za a duba watan Nuwamba. Na tsorata ƙwarai, amma haka na shirya jakar Meme.

Gwadalub muka je, tsibiri ne a tsakiyar teku, awa takwas a jirgi amma wai duk Faransa ce. Mutanen baƙaƙe kamarmu. Abin da ya kai Madam can kuwa kunkuru ne. Kada ku yi dariya, kunkurun teku. A bakin ruwan an kafa wani allo babba, Meme ta karanta mini. Kada a taɓa shi. Kada a haska masa fitila. Kada a yi hayaniya. Kada a tsaya a gabansa, kada a tare masa hanya. Na tuna kunkurun gidan kawu Ilu da yara ke hawa kamar jaki, na ce lallai wani ya fi wani gata.

Meme ba ta barcin safe. Ran nan bayan na yi asuba na tura ta bakin ruwa, gari ya fara wayewa, sai muka tarar da mutane sun yi da'ira. Na leƙa. Uwar kunkuru ce, ta kai babban kwanon wanki, ta makara ba ta koma ruwa ba. Ta haƙa rami tana saka ƙwai, tana wani nishi, ruwa na zuba daga idonta. Ga maza tsaye da ɗan kamfai, kowa ya saita waya daidai bayanta. Madam ma tana ciki, ta durƙusa tana neman inda hoto zai fi kyau.

Wallahi kunya ce ta kama ni har cikin ƙashi. Mu a gida ko akuya ce ke haihuwa korar yara ake yi, balle a ce namiji ya tsaya yana leƙe. Ban yi shawara da kowa ba. Na kwance zanen sama, dama biyu nake ɗaurawa, na ratsa su na baza shi tsakaninsu da ita. Ina riƙe da shi ina cewa, "Sannu baiwar Allah, sannu, saura kaɗan."

Sai na ji an riƙe mini hannu. Wata 'yar tsibirin ce mai suna Mariz, cikin masu gadin kunkurun. Ba ta ɗaga murya ba, ta ja ni baya a hankali.

"Kin tsaya mata a ka," in ji ta. "In ta firgita barin ramin za ta yi, ta je ta zubar da ƙwan a ruwa, duk su lalace."

Gaskiyarta, ni ce da kuskure. Amma da ta gama da ni ta juya kan sauran, ta tura su baya taku goma, ta sa kowa ya tsuguna ya yi shiru. A haka uwar ta gama, ta mai da yashi ta rufe, ta ja jiki ta shige ruwa ba ta ko waiwaye mu ba.

Madam ta matso tana magana ta cikin haƙori. "Kin kunyata ni a gaban mutane. Wannan dabba doka ce ke kare ta. In mun koma Liyon za mu yi maganar aikinki."

Ga takardata watan goma za ta mutu. Ita kuwa Mariz tana ta yi wa mutane bayani. Ta ce uwar kunkurun ba kuka take ba, gishirin teku ne take fitarwa ta ido. Ta ce a kan yashin nan aka ƙyanƙyashe ta, ta yi shekara ashirin da wani abu tana yawon teku, amma komai nisan da ta yi nan take dawowa, kuma ba wanda ke da ikon tare mata hanya.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Don Allah ki maimaita, Madam ba ta ji ba."

Meme ta yi dariya har ta ƙware. Madam ta yi ja wur.

"Adiza, ke fa ba kunkuru ba ce."

"Na sani, Madam. Ita an kafa mata allo."

Da muka koma ba ta kore ni ba, ina za ta samu mai ɗaga Meme ba ƙorafi? Sai dai Nuwamba ta koma Disamba, wai akwai ganin likita. Wata safiya ina taje wa Meme gashi ta ce in tsaya.

"Ki tafi. Silbi za ta samu wata Adiza cikin sati ɗaya. Uwarki fa?"

Na yi kuka, don ina son tsohuwar nan da duk masifarta. Na san in na ajiye aikin takarda ta tafi, Faransa ta rufe. Na ajiye. Na taho da akwati biyu da ciwon baya, shi ne arzikin da kuke ta tambaya.

Na tarar da Inna ta ƙanƙance a kan tabarma, kamar ba ita ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Wa ya mutu kika zo?" Don in sa ta dariya na ba ta labarin kunkurun. Ba ta yi dariyar ba. Ta ce, "Kin yi daidai. Ba a barin mace a buɗe."

Kwana goma sha tara na samu da ita. Ranar da ta cika ni na kori maza daga ƙofar ɗaki, ni na ja zane na rufe ta, kuma ba wanda ya riƙe mini hannu.