Kati Ɗaya na Maganin Gudawa

A bakin wani kemis a unguwar Maamobi na ji wata hajiya tana mita da wani mutum mai riƙe da ciki.

"Kati ɗaya kawai ya ba ni! Wai mutane suna sha barkatai."

"Ni ma haka, Hajiya. Ni direban Tamale ne, shida nake haɗiyewa don kada ciki ya tsayar da ni a hanya. Yau kwana biyar ban zaga ba. Ke fa, gudawar ce?"

"Allah ya kiyaye! Waakye nake sayarwa, shinkafa da wake. Tunda firjina ya lalace nake daka maganin cikin shito, miyar barkonon da ake zubawa a kai, kuma har yau ba wanda ya dawo da ƙara."

"A ina kike sayarwa?"

"Bakin tashar motocin arewa, ƙarƙashin koriyar lema. 'Yata ce ke zubawa."

Mutumin ya shafa cikinsa.

"Hajiya, kullum a nan nake karyawa. Har ƙarin shito nake roƙa."

"To, ɗana, ai ka sha rabonka. Miƙo min katin naka."