Tukunyar da Na Wanke

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwana. 

Da na ɗaga faifan da na rufe kullu da shi, na duba ciki. Kullun yana kwance yadda na bar shi, ko motsi bai yi ba.

Shekara biyu ni da Yaya Saratu muna gasa wa Jamusawan barikin Garuwa burodi. Ita ke kwaɓi, ni ke kaiwa, don na yi makarantar mishan, ina iya magana da kukun bariki. Ban taɓa sa hannu a kullu ba. Amma na riƙa ce mata, "Ba don karatuna ba, wa ya san ki?" Ranar da na faɗa a gaban mutane, ta ce, "To Rifkatu, a raba." Ta ɗauki kwaryoyi da rariya ta bi ayarin Ngawundere. Ni aka bar mini tanda da tukunyar kwaɓi.

Na leƙa tukunyar, na ga tsohon kullu ya manne a gindinta, yana tsami. Na ce kai, ƙazanta! Na sa toka na goge ta tas, yadda aka koya mana a makaranta. Ashe wannan ragowar ita ce uwar kullu, ita ke tayar da sabo. Da hannuna na kashe ta!

Burodin ranar ya fito kamar dutse. Na biyu ma haka. Kuku ya jefo mini shi a ƙafa, ya ce, "Bature ya yi ciwon ciki, yana tambaya me kika zuba. Gobe in haka ne, soja zai kama ki." Na taɓa ganin bayan mutumin da aka yi wa bulala a ƙofar barikin nan. Ba ni da uwa a garin nan, ba ni da uba. Wadda za ta tsaya mini, ni na kore ta.

Na shiga ɗaki da rana tsaka, na kifa goshi a bakin tukunyar. Addu'a ma ta ƙi fitowa. Abin da na iya cewa kawai, "Ubangiji, girman kai ne. Na sani."

Kukana ne ya jawo Dada, tsohuwar Bafulatana mai masa a maƙwabtanmu. Ta shinshina tukunyar, ta riƙe baki. "'Yar boko, wanke ta kika yi? Wayyo!" Ta fita ta dawo da ɗan ƙoƙo a rufe, da uwar kullu a ciki. Ta ce Saratu ce ta bar mata kafin ta tafi, ta ce, "Yarinyar nan za ta wanke tukunya. Ki riƙa ciyar da wannan da gari, in ta yi kuka ki ba ta."

Wadda na wulaƙanta!

Na zuba ta a kwaɓin daren nan, washegari kullu ya tashi har ya ture faifai. Na kai bariki, na tsaya a rana ina jira. Wajen azahar kuku ya fito ya ce, "Bature ya ci biyu. Je ki gida, ba mai taɓa ki."

Na gode wa Yesu. Ni kaɗai nake aikin yanzu, kuma kullum da tsoro nake ɗaga faifan. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa. In akwai mai zuwa Ngawundere, ya gaya wa Yaya Saratu ban ƙara wanke tukunyar ba.