Feshin Gashi Ya Ƙona Mini 'Ya

Malama mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Maman Rifkatu daga Barnawa.

Ranar Lahadin da za mu coci yin godiya sojoji sun miƙa mulki, 'yata ta fesa wa gashinta feshin gwangwani, sannan ta sunkuya duba shayi a risho. Nan take kanta ya kama wuta.

A asibiti nas ta ce mini, "Mama, a gwangwanin akwai danƙo mai riƙe gashi, da sipirit mai busar da shi, da gas mai turo su. Sipirit da gas ba sa shiri da wuta."

Ciwon ya warke, amma gashin gaban kanta bai fito ba. Rifkatu ta daina fita, ta kife madubinta. Jama'a, me zan shafa mata, kuma me zan faɗa mata?