Motar Baba Mijinyawa Ba Ta Bi Shi Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Wakilin kumandan, barka da zuwa. Wakilin Sarki, ranka ya daɗe. Malam Liman da sauran malamai, Allah ya gafarta maku. Alhazai da attajiran Dakoro da kuka cika tabarmar gaba, ina gaisuwa. Wasunku yau ne suka fara taka gidan nan, to ku kalle shi da kyau, haka yake. Elhaji Cindo, yayan mamaci, gaisuwarka daban ce, kuma zan dawo kanka. Inna Ladidi, na san kina bayan ƙyaure kina ji, takaba ce ta hana ki fitowa. Zalika, 'yar mamaci, ya ƙarin haƙuri?

Ni ne Almu maɗinki, ɗan maƙwabta. Ban taɓa zama a lakwal ba, a jikin gwangwani da kwalin sukari na koyi karatu, don haka wanda ya zo jin kalaman mushe, malamin boko, sai ya yi haƙuri. An ce bakina bai dace da taron addu'a ba. Inna ce ta ce ni zan tashi, kuma ita aka yi wa mutuwa, ba masu cewar ba.

Baba Mijinyawa ya tara mu. Ya kasance mutumin da ya sayar da raƙumansa ya sayi tsohuwar kamiyonet, ƙaramar motar kaya, a gwanjo, sa'ad da Nasara ke tattara komatsansu, garin nan kaf ya yi masa dariya. Ya kasance bai san harafi ba, bai taɓa aiki a garaji ba. A tsakar gidan nan ya koyi motar, gindin aduwar can, yana kwancewa yana ɗaurawa, yana ɓatawa yana sakewa. Ya kasance in aka buga masa ƙofa ba ya tambayar ɗan wane ne. Mun san hanyar Maradi, rairayi har cikin mota. Ga Intalla can a bayan kowa, daga Roumbou ya taso a kan raƙumi don addu'ar nan. Ku tambaye shi wa ya kai matarsa likita ranar da naƙuda ta yi mata gardama, alhali manyan motocin kamiyo na tsaye a bakin kasuwa, masu su suna cewa buhun wake ba ya jira. Ɗan da aka haifa ranar, yau yana bin awaki. Waken kuwa an cinye shi tuntuni.

Ya kasance in mota ta fara tari, tana karkarwa kamar mai masassara, ba ya cewa aljanu, ba ya cewa sammu. Na sha ajiye ɗinki in leƙo ta katanga, sai ya ce, "Shigo, ɗan banza, ka daina leƙe kamar kaza. Inji gida ne mai ɗaki huɗu, kowane ɗaki da bujin da ke kunna masa wuta. In ɗaya ya yi barci, sauran ke shan wahala." Sai ya bar injin yana aiki, ya naɗe hannu da tsumma, ya riƙa zare wayar buji ɗaya bayan ɗaya. "Wadda ka zare inji ya ƙara rikicewa, mai da ita, tana aiki. Wadda ka zare ba abin da ya sake, nan malalacin yake. Dama can ba ya ɗauke da komai."

To, Allah ya zare Baba daga garin nan, kuma duk mun ji yadda garin ya rikice. A makon jiya a kan amalanke aka ɗauko wata mara lafiya daga Adjekoria, ba ta iso da rai ba. Ni kuwa tun da na miƙe nake kallon tabarmar gaba, ina gwajin Baba a zuciyata, ina zare ku ɗaya ɗaya. Wallahi har yanzu ban ji sautin garin ya sake ba.

Yanzu ga abin da ya sa Inna ta zaɓe ni. Gobe alƙali zai raba gado. Lafiya lau Baba ya ajiye motarsa kafin ciwo ya kwantar da shi. Bayan sadakar uku, Mamani mijin Zalika, wanda Baba ya koya wa tuƙi, ya murɗa ƙarfen tayarwa, sai ga mota tana tari, tana harbi ta baya kamar bindigar toka. Kafin la'asar labari ya cika kasuwa. Elhaji Cindo har da share hawaye: "Ta bi mai ita, Allah sarki. A yi mata ƙimar tsohon ƙarfe, in ɗauka a cikin rabona, in rage wa iyalin ƙanena nauyi." Kun ji tausayi!

Inna ce ta kira ni daga cikin ɗaki. Ta ce, "Almu, wannan ba tarinta ba ne. Na san tarin man esansi mai ruwa, na san tarin rairayi a karbirato. Da su nake kwana, da su nake tashi. Wannan ban taɓa jinsa ba."

Muka bi hanyar Baba, ni da Mamani da Zalika. Muka zare wayoyi, muka tarar ɗaki biyu ba sa aiki. Muka kwance bujinsu, muka wanke da esansi, muka goge bakinsu, muka ɗora a jikin inji, wuta na fita shuɗiya fes. Muka buɗe delko, mai raba wa wayoyin wuta, ba tsaga ba danshi. Muka yi tsaye kamar jakuna a rana. Sai muryar Inna ta bayan ƙyaure: "Jan zaren yana ina?"

Ku da kuka iya lamba ba ku san wannan ba. Tun da Baba bai iya karanta lamba ba, Inna ce ta ɗaura wa kowace waya zare daga kwandon saƙarta, kowace da launinta, don kada ya rikita su. Zalika ta leƙa ta ce, "Inna, yana ɗaki na uku." Inna ta ce, "Uban wa ya kai shi can? Ja na gaba ne, kusa da tankin ruwa. Baƙi ne na uku."

Jama'a, rairayi yana toshe karbirato. Zafi yana cin buji. Amma rairayi ba shi da yatsun da zai zare waya biyu ya musanya su, ya rufe marfi a hankali. Ranar sadakar uku, muna nan ƙofar gida muna karɓar gaisuwa, mutum ɗaya ne ya ce rana ta dame shi, ya koma inuwar aduwa shi da direbansa. Ba zan kama suna ba, taron addu'a ne. Elhaji, ya hannun farar rigar nan taka mai aiki? Baƙin mai ba ya jin sabulu, sai an jiƙa shi da kananzir. Ƙanenka ne ya koya mana.

Elhaji, shari'a ta ba ka rabo, ba mai hana ka. Ɗauki gonar, ɗauki tumakin. Wakilin Sarki, muna roƙo a gaya wa alƙali ya yi wa motar nan ƙimar mai rai, ta faɗa rabon Zalika da uwarta. In an ce ni ke kwaɗayinta, ko keken hawa ban iya ba. Zalika, ɗago kanki, ubanki bai bar maki tsohon ƙarfe ba. Inna, ki yi haƙuri, zarenki ya koma inda kika ɗaura shi.

Wanda ke shakka ba sai ya gaskata maɗinki ba. Mamani! Murɗa!

Kun ji? Ku saurara da kyau. Huɗu ne, ba mai barci a cikinsu.

Mun gode wa duk wanda ya zo don Allah, sauran ma mun ga zuwansu. Allah ya jiƙan Baba Mijinyawa, ya haskaka kabarinsa, ya buɗe masa ƙofa yadda ya buɗe wa mutane tasa ba tare da tambaya ba. Allah ya ba Inna da Zalika dangana, ya tsare abin da ya bari daga yatsun 'yan'uwa. Malam Liman, a yi mana Fatiha. Sai dai ka ɗan ɗaga murya, Inna ta ce kada a kashe motar.