Tsumman Kaka

A tashar jirgin Kafanchan na ji wani tsohon soja yana tsokanar wata mata. Ɗanta ya ƙanƙame wani tsohon zane.

"Madam, ga ki fes, yaro kuwa da tsumma?"

"Na kakarsa ne, Baba. Ita ta raine shi a Zonkwa, ina karatun nas. Yau na ɗauko shi, Anti yake ce mini. Zan yar da tsumman nan kafin Kaduna."

"Yar mana! Namiji da zane?"

"To ɗankwalin da ke ɗaure a akwatinka fa?"

Ya shafa shi.

"Na mamata ne. Har bakin daga na je da shi. Bar masa abinsa, 'yata. Wata rana naki zai riƙe."